Darasi na Bakwai: Ɗaukar Murya da Sauraronta ta Hanyar Rubuta Umarni

Mai koyon karatu yakan wuce kuskurensa bai ji ba, domin a lokacin da yake karantawa hankalinsa yana kan baƙaƙen da ke gabansa. Idan aka ɗauki muryarsa aka sake kunna masa, nan take zai gane inda ya haɗiye harafi da inda ya tsaya ba a wurin tsayawa ba. A wannan darasi za mu koyi ɗaukar murya da kwamfutar da ke aiki da Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, mai nau'o'i irin su Ubuntu da Debian, ba tare da an taɓa linzami ba, ta hanyar rubuta umarni a cikin baƙar tagar nan da ake kira taminal. A Ubuntu ana buɗe ta ne idan aka danne maɓallan Ctrl da Alt da T a tare.

Sashen da ke kula da sauti a cikin Linux sunansa ALSA, wanda Jaroslav Kysela ya fara ginawa a 1998, kuma daga gare shi ne umarni biyu da za mu fi amfani da su suka fito: arecord mai ɗauka, da aplay mai kunnawa. Idan kwamfutarku ba ta da su, ko ba ta da sox da ffmpeg da mpg123 da za mu buƙata a gaba, sai ku rubuta wannan layi, ku danna Enter, sannan ku sa kalmar sirri:

sudo apt install alsa-utils sox ffmpeg mpg123

A kula cewa taminal ba ta yi wa mutum uzuri a rubutu. Ƙaramin baƙi dabam yake da babba a wurinta, haka kuma tazarar da ke tsakanin kalmomi da ɗan karan da ke gaban harafi duk suna da aikinsu.

Za mu fara da gajeren gwaji. Ku rubuta wannan, ku danna Enter, ku faɗi sunan garinku da ranar yau da murya irin ta hira:

arecord -d 10 -f cd gwaji.wav

Harafin d da lambar 10 suna nufin a ɗauka na daƙiƙa 10 a tsaya, kalmar ƙarshe kuwa sunan fayil ɗin da za a adana muryar a ciki ce. Don ku ji abin da aka ɗauka sai ku rubuta:

aplay gwaji.wav

Wurin da ya kamata a daɗe a kai shi ne ɗan guntun nan na -f cd, domin wanda ya fahimce shi ya fahimci rabin darasin. Kwamfuta ba ta riƙe sauti yadda kunne yake jinsa; auna shi take yi sau dubbai a kowace daƙiƙa, tana rubuta kowane awo da lamba. Idan ba a gaya wa arecord komai ba, zai auna sau 8,000 ne kawai a daƙiƙa, kuma da ma'auni mai matakai 256, shi ya sa muryar kan fito a dakushe tare da ƙara kamar ta tsohuwar rediyo. Da aka ce masa cd, sai ya koma awon faifan CD, wato sau 44,100 a daƙiƙa, da ma'auni mai matakai 65,536, ta ɓangare biyu, na dama da na hagu. Muryar za ta fito tangaram, amma fa tana cin wuri: minti 1 yana ɗaukar fiye da megabayit 10, awa guda kuwa kimanin megabayit 635.

A ganina wannan ɓarnar wuri ce ga wanda karatu ko jawabi kawai zai ɗauka, tunda bakin mai magana ɗaya ne, makirufon ma ɗaya. Abin da ya fi dacewa da magana shi ne:

arecord -f S16_LE -r 16000 -c 1 karatu.wav

A nan an riƙe ma'aunin mai matakai masu yawa, an rage awon zuwa sau 16,000, an kuma mayar da ɓangaren ya zama ɗaya, don haka awa guda ba za ta wuce kimanin megabayit 115 ba, kuma kalmomin za su fita sarai. Tunda ba a sa masa lokaci ba, zai ci gaba da ɗauka har sai kun danne Ctrl da C. Wajen raɗa wa fayil suna, ku guji barin tazara a tsakiya, karatu-litinin.wav ya fi sauƙin kira a kan suna mai kalmomi biyu a rabe. Ku kuma sauya suna a kowace ɗauka, domin arecord yana rubutawa a kan tsohon fayil mai suna iri ɗaya ba tare da ya tambaya ba, kuma abin da ya goge ya tafi ke nan.

Sau da yawa mutum zai kunna gwajinsa ya ji shiru. Kafin a ɗora wa makirufo laifi, a rubuta alsamixer, wanda zai nuna wasu dogayen sanduna masu nuna ƙarfin sauti. Duk sandar da aka rubuta MM a ƙarƙashinta a rufe take, kuma maɓallin M ne yake buɗe ta. Maɓallin F4 yana kai mutum ɓangaren ɗauka, inda ake ɗaga sandar makirufo da kibiyar sama, a fita da Esc. Kada a kai sandar ƙarshe, domin muryar da ta yi wa ma'auni yawa fashewa take yi, kuma babu gyaran da zai dawo da ita daidai, alhali muryar da ta ɗan yi ƙasa ana iya ɗaga ta daga baya.

Idan makirufon na USB ne, mai yiwuwa kwamfutar tana sauraro ta nata na ciki ne. Umarnin arecord -l yana jero na'urorin ɗauka tare da lambobinsu, kuma idan naku ya fito a matsayin kati (card) na 1, na'ura (device) ta 0, sai ku ƙara -D plughw:1,0 a cikin umarnin ɗauka.

Gyaran abin da aka ɗauka aikin SoX ne, wata tsohuwar manhaja da Lance Norskog ya fara a 1991. Don a yanke tari da gyaran murya na daƙiƙa 5 na farko, a kuma ɗaga sautin, sai a rubuta:

sox karatu.wav gyararre.wav trim 5 norm -1

Sunan farko na fayil ɗin asali ne, na biyu na sabon da za a samar, kuma wajibi ne su bambanta.

Fayil ɗin WAV yana da nauyi wajen turawa ta waya, saboda haka akan matse shi ya koma MP3:

ffmpeg -i gyararre.wav -b:a 64k gyararre.mp3

Da wannan awo, karatun awa guda zai dawo kimanin megabayit 29. Sai dai a yi hattara: aplay bai san MP3 ba, kuma maimakon ya ƙi, zai kunna shi a matsayin ɗanyen sauti, sai wata mummunar ƙara ta fito wadda za ta iya cutar da kunnen wanda ya sa abin sauraro. MP3 da mpg123 ake kunna shi, a rubuta mpg123, a bar tazara, sannan a rubuta sunan fayil ɗin.

Aikin wannan mako shi ne kowane ɗalibi ya zaɓi sakin layi ɗaya daga littafin karatunsa, ya fara yin gwajin daƙiƙa 10 ya saurara, sannan ya ɗauki karatun gaba ɗaya a ɗakin da aka kashe fanka, makirufo yana nesa da baki kamar taƙi ɗaya. Wanda yake so ya ɗauki muryar wani dattijo yana ba da tarihin unguwa, sai ya nemi izininsa tukuna, ya kuma gaya masa waɗanda za su ji. A zo da fayil ɗin MP3 a darasi na gaba, tare da takardar da aka rubuta kalmomi uku da aka ji an yi tuntuɓe a kansu.