Yadda Za Ka Binciki Gudummawar da Ɗan Takarar Majalisar Amurka Ya Taɓa Bayarwa

Kafin zaɓen fidda gwani, yana da kyau ka san waɗanda ɗan takara ya taɓa ba kuɗin kamfe.

1. Shiga fec.gov, shafin hukumar da ke sa ido kan kuɗin zaɓen tarayya, ka buɗe sashen gudummawar ɗaiɗaikun mutane.

2. Rubuta cikakken sunansa, ka faɗaɗa shekarun binciken.

3. A nan ake yawan yin kuskure. Suna kan zo ɗaya, don haka ka gwada gari, jiha, sana'a da wurin aiki da tarihinsa. Kada ka ɗora masa kuɗin takwaransa, zalunci ne.

4. Gudummawar da jimillarta ta haura dala 200 ce ake bayyana sunan mai ita, amma wadda ta bi ta ActBlue ko WinRed, shafukan intanet da ake tara wa 'yan takara kuɗi ta cikinsu, tana fitowa ko da kaɗan ce.

5. Kuɗin takarar gwamna ko majalisar jiha ba sa nan. Nemi su a hukumar da ke sa ido kan kuɗin kamfe a jihar.

6. Ajiye kwanan wata, adadi da wanda ya karɓa, sannan ka tambayi ɗan takarar dalili a taron gari kafin ka yaɗa.