Yadda Za Ki Zaɓi Man Kaɗe Don Sabulu Da Shafawa

Yawancin man kaɗen da muke gani cikin ƙwarya a kasuwar Nima da Madina a Accra daga arewacin Ghana yake zuwa, Tamale, Wa da Bolgatanga. Kafin ki miƙa kuɗi, 'yar'uwa, ki bi a hankali.

Da farko ki sunsuna. Mai kyau yana da ɗan ƙauri, kamar gyaɗar da aka soya. In kin ji tsami ko warin tsohon mai, ki ajiye shi komai arharsa.

Sai ki lakato kaɗan ki murza a bayan hannu. Zafin jikinki kaɗai ya isa ya narkar da shi. 'Yan tsaki-tsakin da ke narkewa ba laifi ba ne, a hankali ya daskare. Wanda ya ƙi narkewa kuwa yashi ne ko ɓawo.

Launi fa? Na gargajiya ruwan madara ne. Mai ruwan ɗorawa saiwar wani tsiro mai suna borututu aka dafa shi da ita. Fari fat marar ƙanshi kuma a masana'anta aka tace shi.

Don shafa wa jarirai da kaushin ƙafa, ni dai sabo na gargajiya nake ɗauka, ba na tsumulmula a nan. Na sabulu ko matsakaici ya wadatar: ki narkar a ƙaramar wuta, ki tace da farin ƙyalle. Kada ya wuce kashi 1 cikin 5 na mayukanki, in ya yi yawa kumfa za ta ragu.

Ragowar ki rufe a roba, nesa da rana.