Yadda Ake Shuka Kayan Miya A Tsakiyar Damina Ba Tare Da Ruwa Ya Cinye Irin Ba

Duk shekara idan Yuli ya raba, sai sha'awar 'yar gonar bayan gida ta motsa wa mutane. Ko'ina ya yi kore shar, sai mutum ya sayo iri ya watsa, ruwa ya kwana uku yana zuba, ya leƙa ya tarar babu komai sai taɓo. Daga nan sai ya ɗora wa mai sayar da iri laifi, ko ya ce ai lokaci ya wuce. Lokaci bai wuce ba. Wanda ke Kano ko Katsina, idan ya shuka tsakanin tsakiyar Yuli da farkon Agusta, yana da sauran ruwan kusan wata biyu a gabansa. Na Zariya da Kaduna ya fi shi samun sarari, na Maraɗi da Damagaram kuma sai ya hanzarta. Wannan ya ishi alayyafo, rama, lalo, karkashi, kuɓewa da yakuwa. Abin da ke kashe shukar wannan lokaci yawan ruwa ne, domin Agusta watan marka ne.

Tumatir, latas, karas da kabeji kuwa, ka ajiye irinsu sai an doshi hunturu. Akwai masu yin tumatirin damina, amma suna yi ne da feshi kusan kowane mako, kuma kuɗin maganin kaɗai ya fi ƙarfin gonar bayan gida.

Fara da wurin. Ka fita bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi ka duba inda ya kwanta da inda ya tsane da wuri. Inda ya tsane nan ne gonarka, ko da ba nan ka so ba. Ka nisanci ƙarƙashin indararo da bakin kwanon rufi, ka kuma nisanci gindin bishiya, don ranar damina dama ba ta da yawa.

Sai babban abin: kada ka yi fangali. Mafi yawan sababbin manoma a wurin 'yan lambun rani suka ga aikin, inda ake yin fangali mai zurfi don ya riƙe ruwan da aka sha wahalar janyowa. Sai su kwaikwayi wannan a watan Agusta, su haƙa wa irinsu kududdufi da hannunsu. Da damina sama ake ɗagawa. Ka tara ƙasa ta yi tudu kamar santimita 20 idan jigawa ce, idan kuma laka ce ka kai 30. Faɗin kada ya wuce mita ɗaya, yadda hannunka zai kai tsakiya ba sai ka taka ba. Saman ya zama a baje sumul, ba mai ƙusumbi ba, in ba haka ba ruwan farko zai gangaro da irin duka ya tara maka shi a gefe guda. Kwarin da ke tsakanin tudu da tudu kuma dole ya sami mafita zuwa rariya ko waje. Kwarin da ba shi da mafita fangali ne da aka sake wa fasali.

Ka cakuɗa ruɓaɓɓen takin gida tun wajen tara ƙasar, wanda ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji ƙona tsiro yake. Takin zamani kuwa ban yarda a zuba shi kafin shuka a marka ba, ruwa zai wanke shi ya tafi da kuɗinka. Bayan ka gama, ka bar tudun ya sha ruwa sau ɗaya ya zauna kafin ka sa iri.

Ranar shuka ma zaɓarta ake. Ka damƙi ƙasar a hannu: idan ta dunƙule amma da ka taɓa ta da yatsa ta wargaje, ta yi. Idan ta manne maka a tafi, ka jira gobe. Kuma idan hadari ya haɗu baƙi ƙirin a gabas, ka mayar da irinka aljihu.

Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, don haka ka gauraya shi da busasshen yashi, cokali ɗaya na iri cikin kamar cokali goma na yashi. Ka ja layi da ɗan tsinke, zurfin bai kai rabin gaɓar yatsa ba, ka barbaɗa, ka rufe da ƙasa mai laushi sama-sama, ka danna da tafin hannu. Na ga mutane suna binne shi kamar masara. Ba zai fito ba. Lalo yana da taurin ɓawo: ƙulla irin a tsumma, ka tsoma cikin ruwan da aka sauke daga tafasa na daƙiƙa 5 zuwa 10, ka shanya a inuwa ya sha iska, ka shuka a ranar. Kuɓewa a jiƙa ta kwana ɗaya, wadda ta taso saman ruwa a zubar, sauran a sa ƙwaya biyu ko uku a rami mai zurfin santimita 2 zuwa 3, tazarar kamu guda. Idan za ka sayi iri na leda, nemi mai saurin haihuwa irin NHAe 47-4 na NIHORT, cibiyar binciken kayan lambu ta Najeriya, wadda ke da reshe a Bagauda ta jihar Kano, ko Clemson Spineless. Wata kuɓewar gargajiya ba ta fure sai kaka ta gabato.

Da ka gama shuka, ka rufe. Ɗigon ruwan marka yana dukan ƙasa ne ya tono ƙananan iri, sannan idan rana ta fito saman ya yi ɓawo mai tauri da tsiro ba zai iya fasawa ba. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya ko tsohon buhun algarara a kai. Amma daga rana ta uku ka riƙa ɗagawa kowace safiya kana dubawa. Da ka ga kawuna sun ɓullo, cire murfin nan take. Kwana biyu kacal na sakaci ya isa su yi tsawo, su yi fari, su langwaɓe. A maimakon murfin, kafa 'yar rumfar kara mai tsayin gwiwa, mai sharara, wadda za ta karya ƙarfin ruwa ta bar haske, ka bar ta mako ɗaya zuwa kwana goma.

A makon nan ne ake asarar da ta fi ciwo. Tsiro ya fito gwanin sha'awa, sai ka wayi gari ka ga wasu sun kwanta, gindinsu daidai ƙasa ya tsuke ya yi ruwa-ruwa. Ciwo ne da danshi da cunkoso ke kawowa, kuma yana bin layi. Wanda ya kwanta ba ya tashi. Tumɓuke shi da na kusa da shi, ka barbaɗa busasshen yashi a wurin, ka rage sauran har iska ta riƙa ratsawa. Mutane suna jin tausayin rage tsiro, su bar ɗari a inda ashirin za su rayu, ƙarshe su rasa duka.

Yakuwa aiki biyu take yi, ganye don miya da fate, sannan zoborodo. Idan zobo kake so, nemi jan iri, ka ba shi fili kamar santimita 60, kuma kada ka riƙa tsige ganyen waɗanda ka ware. Ita sai rana ta fara gajarta take fure, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ko da wuri ka shuka ko a makare. Saboda haka wadda aka shuka bayan tsakiyar Agusta furen zai riske ta tana 'yar ƙarama, abin da za ka tsinka ba zai cika kwano ba. Manoman Jigawa da ke kai zobo kasuwar Maigatari, har ya dangana da Meziko, ba sa barin shuka ta kai wannan lokaci. Idan furen ya faɗi, ka ba jan ƙoƙon kamar mako uku ya yi kauri, ka tsinka, ka cire ƙwallon, ka shanya a kan tabarma, ba a ƙasa ba.

Ɗaiɗoya ba sai da iri ba, reshe za ka roƙa a maƙwabta ka soke a gefen tudu. Na'a-na'a kuma a tsohon bokiti da aka huda gindinsa, don in ka sake ta a ƙasa sai ta mamaye wurin.

Sauran aikin sananne ne. Cire ciyawa da hannu tun tana ƙarama, kuma bayan kowane babban ruwa ka mayar da ƙasar da ta zaizaye. Ƙananan ƙwarin da ke huda ganyen kuɓewa da rama, barbaɗa musu toka da sassafe, ko ka daka 'ya'yan darbejiya ka jiƙa su kwana ka tace ka fesa da yamma, ka maimaita idan ruwa ya wanke. Kaji da awaki sai shinge. Alayyafo yana isa ci cikin mako uku zuwa huɗu, don haka ka riƙa shuka sabon layi duk bayan mako biyu. Kuɓewa tana fara bayarwa wajen wata biyu, a tsinke ta duk kwana biyu ko uku kafin ta ƙosa, rarar a yanka a shanya idan ruwa ya ja baya. Tudun da alayyafo ya tashi a kai a ƙarshen Agusta, ƙara masa taki ka yi renon tumatir da attaruhun da za ka dasa idan an doshi hunturu a wurin, a ƙarƙashin rumfar karan nan.