Yadda ake kallon zanen namiji a gane gwanintar mai zanen

Yabon da aka fi yi wa mai zane shi ne a ce, "Kai, sai ka ce hoto!" Yabo ne, amma shi ne mafi araha. Kama ana koyonta da awo da haƙuri, ɗalibin da ya daɗe yana riƙe fensir ma zai iya fitar da ita. Abin da ke sa a koma wa zane a sake kallo shi ne zaɓin da mai zanen ya yi: yadda ya tsayar da mutumin, inda ya jefa haske, abin da ya yi da fata, da wurin da ya bari bai ƙarasa ba da gangan. Batun hukuncin zana mai rai a addini na malamai ne, wannan bayani na wanda ya riga ya tsaya a gaban zanen ne.

Tazara da lokaci

Wani bincike da aka yi a gidan adana kayan fasaha na Metropolitan da ke New York, aka fitar a 2001, ya nuna cewa matsakaicin tsayuwar mai kallo a gaban zane ba ta kai daƙiƙa 30 ba. Kai ka ba shi minti goma, kuma kada ka karanta takardar bayanin da ke gefe sai ka gama.

Fara daga nesa, kamar ninki uku na tsayin zanen. Ka ɗan runtse ido har ƙananan abubuwa su ɓace, ya rage haske da duhu kawai. Idan a haka mutumin yana nan tsaye da nauyinsa, ginin zanen ya yi kyau. Idan ya narke cikin bango, ko ya zama dabbare-dabbare, to adon da ke sama rufin asiri ne. Daga nan ka matso taku biyu ko uku daga jikinsa, inda mai zanen ke ja da baya ya duba aikinsa. A ƙarshe ka zo dab, ba tare da taɓawa ba, ka leƙa daga gefe yadda haske zai goge fuskar fentin ya nuna maka kaurinsa da sawun buroshi.

Mai kallo a waya ya fara duba girman aikin da abin da aka yi shi da shi. Zanen mahayin doki da Kehinde Wiley ya yi a 2005 ya doshi mita uku kowane gefe. Zanen da Kerry James Marshall ya yi a 1980, na baƙin mutum mai hula da ba a ganin komai sosai sai idanunsa da haƙoransa da farar riga, tsayinsa kusan santimita 20 ne. A waya girmansu ɗaya, a bango kuwa ɗaya yana danne ka, ɗayan sai ka sunkuya.

Nauyi da tsayuwa

Kafin fuska, dubi ƙafa. Ja layi da idonka daga ramin wuya zuwa ƙasa: idan mutum ya dogara a kan ƙafa ɗaya, layin a kanta zai sauka. Ƙugun wannan ɓangaren yana ɗagawa, kafaɗar ɓangaren ta sauka. Idan ƙugu da kafaɗa suka tafi sambal alhali ƙafa ɗaya ce ke ɗauke da jiki, mutumin zai yi kamar an liƙa shi. Wanda ke zaune kuma cinyarsa ta baje, kujerar ta nuna ta karɓi nauyi.

Awo kaɗan ya ishe ka. Tsayin baligi kusan kai bakwai da rabi ne, masu son ƙara kwarjini sukan kai shi takwas. Idanu a tsakiyar kai suke, tsakanin haɓa da ƙoƙon kai, kuma kuskuren da sabon hannu ya fi yi shi ne ya ɗaga su sama ya rage goshi da ƙeya, kan ya fito kamar an danne shi. Hannu daga wuyansa zuwa kan dogon yatsa yakan kai daga haɓa zuwa wajen tsakiyar goshi. Ƙwararru suna karya wannan awo da gangan, kuma ana gane ganganci da cewa yana bin tsari ɗaya a dukan zanen. Hannu ɗaya ƙarami ɗaya babba ba tare da dalilin kusanci ba, wannan kuskure ne.

Tsayuwa ita ce ke faɗin matsayin da aka ba mutum. Wiley, wanda aka haifa a Los Angeles a 1977, mahaifinsa ɗan Najeriya, ya yi suna da ɗauko samari baƙaƙe daga titi ya sa su tsayuwar sarakuna da janar-janar na tsofaffin zane-zanen Turai. Mahayin dokin nan nasa ya ɗauko shi ne daga zanen da Jacques-Louis David ya yi wa Napoleon a 1801, ya bar dokin da ya ɗaga ƙafafun gaba, ya ɗora saurayi mai kakin soja da takalman Timberland. A zanen Barack Obama da aka buɗe a Washington a Fabrairun 2018, sai ya sauko da shugaban: zaune a bakin kujerar katako, ya karkato gaba, hannuwa a harɗe bisa gwiwa, babu laƙataye, ganye na neman rufe ƙafafun kujerar. Lucian Freud kuma da ya zana wani birgediya na sojan Ingila tsakanin 2003 da 2004, ya bar masa lambobinsa amma ya ɓalle masa rigar, tumbi ya fito, jiki ya nutse cikin kujera. Kaki yana faɗin abu ɗaya, jiki yana faɗin wani.

Duba kuma daga ina ake kallon mutumin. Idan kana ganin ƙarƙashin haɓa da ƙofofin hanci, an ajiye ka ƙasa da shi ke nan. Idan kana ganin saman kafaɗa da daɓen ɗaki, kai ne a sama. Freud a tsaye yake aiki, shi ya sa mutanensa da yawa daga sama ake kallonsu.

Fata

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Fata ba launi ɗaya ba ce, baƙar fata kuma ta fi kowace ɗaukar launin abin da ke kewaye da ita, kamar rawani ɗan Kura da ya sha bugu: baƙi ne, amma shuɗi da shunayya suna wasa a kansa. Goshi da karan hanci da ƙashin kunci suna ɗaukar launin sama ko na taga. Ƙarƙashin haɓa yana ɗaukar launin riga. Kunne da leɓe da gaɓoɓin yatsu sun fi ja, wajen saje da gemun da aka aske ya fi sanyi, ya karkata zuwa toka ko shuɗi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki ruwan ƙasa ɗaya, a zuba baƙi don inuwa, a zuba fari don haske. Fari yana kashe zafin launi, sai fatar ta fito fururu kamar ta wanda bai shafa mai ba da hunturu, baƙin kuma ya mai da inuwa rami. Gwani yana canja zafi da sanyi ne tare da haske da duhu: idan hasken mai ɗumi ne, inuwar ta karkata zuwa shuɗi ko kore, idan hasken taga ne mai sanyi, inuwar ta yi ja-ja. Leƙa cikin inuwar wuya. In ka ga launi a ciki, mai zanen ya san aikinsa.

Hanyoyin suna da yawa. Marshall ba ya hasko fatar mutanensa, baƙi ƙirin yake yin ta, amma da baƙaƙen fenti iri-iri, na gawayi da na ƙarfe da na ƙonannen ƙashi, wani mai ɗumi wani mai sanyi. Daga nesa ka ga baƙi ɗaya, ka matso ka ga kunci da goshi sun rabu. Zanensa na shagon aski na 1993 wuri ne mai kyau na gwada ido. Amoako Boafo, ɗan Accra da aka haifa a 1984, da yatsunsa yake shafa fentin fata, ruwan ƙasa da shuɗi suna murɗewa a fuska, tufafi da bango kuma ya bar su shafe lumui, don haka ido ba shi da wajen zuwa sai fatar. Freud, wanda ya rasu a 2011, yana amfani da farin dalma mai nauyi da buroshi mai tauri, yana tara fenti har fuska ta yi gargada, da kore da toka da ruwan ɗorawa a cikin farar fata. Mai zane David Hockney ya zauna masa sama da awa 100 a 2002 saboda ɗan ƙaramin zane na kai da kafaɗa. Lynette Yiadom-Boakye kuwa, haifaffiyar Landan a 1977 mai iyaye 'yan Ghana, mutanenta ba su wanzu ba, daga kanta take ƙirƙiro su, duhu a kan duhu, sai farin ido ko kwalar riga ta haska da shafa ɗaya. Aikinta kaɗai ya isa hujja cewa kama ba ita ce ma'auni ba, tunda babu wanda za a kwatanta da shi.

Mai neman nagartattun ayyukan Freud a intanet ya sani cewa da yawansu na tsiraici ne. Wanda ba ya so ya nemi na kai da kafaɗa, darasin fatar duk yana ciki.

Ido, gemu, hannu da riga

Farin ido ba fari ba ne a zane mai kyau, toka-toka ne, domin fatar ido ta sama tana jefa masa inuwa. Ɗigon hasken da ke kan ƙwayar ido ya kasance a gefe ɗaya a idanu biyun, kuma a gefen da hasken ɗakin ya fito. In inuwar hanci ta ce haske daga hagu yake, ɗigon ido ya ce daga dama, an haɗa hotuna biyu ne ko an yi shi da ka. Gemu dunƙule ake fara yin sa, mai saman da ya sha haske da ƙasan da ke duhu, sannan a ja 'yan silalla a baki-baki. Wanda aka ja shi gashi ɗaya-ɗaya tun daga farko yakan fito kamar na roba, kuma ya ɓatar da muƙamuƙin da ke ƙarƙashi.

Dubi gefuna. Wasu wurare layin fuska ya yanke tsaf, wasu ya ɓace cikin bango. Idan an zagaye mutum da kaifi ɗaya daga hula har ƙafa, zai yi kamar an yanko shi da almakashi. Barkley Hendricks ya yi wasa da wannan a zanen da ya kira Steve a 1976: farar doguwar kwat a kan farin bango, rigar na neman ɓacewa, fuska da baƙin tabarau su riƙe komai. Hendricks ya halarci bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a Legas a 1977, ya kuma zana mawaƙi Fela Kuti a 2002.

Hannu yakan tona asiri, shi ya sa raggon mai zane ke tura shi aljihu. Babbar riga kuma jarrabawa ce ta musamman, tunda tana ɓoye jiki gaba ɗaya. Nemi wuraren da ƙashi ya tokare yadi: kan kafaɗa, gwiwar hannu, gwiwa idan a zaune yake. Daga nan ninkin yadi ke tasowa. Aikin wuya ya bi lanƙwasar ƙirji, ya karye inda yadin ya karye. Hula ta zagaye kai, bakinta ya lanƙwashe daidai da layin gira. Idan bakin hula ya miƙe alhali ana kallon fuskar daga ƙasa, za ta zauna kamar an ɗora ta daga baya.

Masu fitar da kowane ramin gashi

Zanen gawayi da fensir mai fitar da zufa da ƙofofin gashi ya karɓu a Najeriya, sunaye irin su Arinze Stanley da Kelvin Okafor sun zagaya duniya. Haƙurin abin girmamawa ne, amma masu kwaikwayonsu da yawa kwafe hoton waya suke yi har da aibinsa. Hoton da aka ɗauka dab da fuska yana kumbura hanci ya tura kunnuwa baya, filasha kuma tana share inuwa ta bar farin tabo a goshi. Runtse ido irin na farko: in zufar ta ɓace kuma babu ƙoƙon kai a ƙarƙashi, aikin sama ne kawai.

Babu abin da ya kai ganin aiki ido da ido. Sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da abokansu suka kafa ƙungiyarsu a 1958 tun makarantar tana kwaleji, wuri ne na ganin aikin ɗalibai da malamai. Akwai Nike Art Gallery a Legas, da baje kolin ART X Lagos da aka fara a 2016.

Mai niyyar saye ya leƙa daga gefe ya ga ko tudun fenti ya dace da sawun buroshin da ake gani, domin akwai masu buga hoto a kan yadi su shafa masa ɗan fenti a sama. Ya juya bayan ya duba katakon da yadda aka ja yadin. Aikin gawayi yana son gilashi, da kwali tsakaninsa da gilashin don kada ya manne. Fentin mai ba a shafa masa banish, wato man ƙyalli da kariya, sai ya yi aƙalla wata shida, in aka yi gaggawa yakan dushe ko ya tsage. Kada a rataye shi inda rana ke bugu ko a bangon da ke jan danshi da damina, ƙurar hunturu kuma da busasshen buroshi mai laushi ake kaɗe ta, ban da jiƙaƙƙen tsumma.