Yadda Ake Buɗe Saƙar Zuma da Zafi Kafin a Tatse Ta

Kafin a kunna komai, a duba firam ɗin tukuna, wato katakon da ke riƙe da saƙar zuma. Idan ƙudan zuma bai rufe aƙalla kashi uku cikin huɗu na ramukan saƙar da kaki ba, zumar ba ta nuna ba, kuma ruwan da ke cikinta zai iya haura kashi 18 cikin ɗari, inda daga nan ne take fara kumfa da tsami bayan an ɗura ta. A riƙe firam ɗin a kwance a girgiza shi da ƙarfi sau ɗaya. Idan zuma ta ɗiga, a mayar da shi amya.

Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64 na ma'aunin Celsius, ita kuwa zuma tana fara rasa ƙamshinta tun kafin zafi ya kai nan. Saboda haka aikin zafi shi ne ya sauƙaƙa wa wuƙa hanya kawai, kuma yawancin masu koyo da na gani a nan suke ɓata aikinsu, domin sukan tsayar da wuƙar wuri guda suna jiran kaki ya narke, har zumar ta yi duhu ta ɗauki warin ƙonannen sukari.

A gitta katako a bakin baho, a tsayar da firam a kansa ta gefe, a ɗan karkato samansa gaba yadda marfin kakin da aka yanke zai faɗa cikin baho maimakon ya sake manne wa saƙar. A ɗora wuƙar a kan katakon firam na sama da na ƙasa, su zame mata jagora, a fara daga ƙasa ana hawa da ita a hankali kamar mai yankan zarto, yatsun ɗaya hannun kuma suna bayan firam. Wuƙar lantarki mai daidaita zafinta ita na fi so, amma tana da tsada ga mai amya biyu ko uku. Shi wuƙaƙe biyu masu tsawo da tukunyar ruwan zafi sun ishe shi, ɗaya a hannu ɗaya a ruwa, muddin zai riƙa goge wuƙar ta bushe sarai kafin ta taɓa saƙa.

Na'urar hura iska mai zafi, wadda ake buɗe saƙa da ita maimakon wuƙa, ita ce ta taɓa ba ni wahala. Marfin saƙa iri biyu ne: akwai fari busasshe wanda ƙudan ya bar 'yar iska a ƙarƙashinsa, akwai kuma mai duhu da ya kwanta a kan zumar kai tsaye. A kan farin, da zarar zafi ya gifta, iskar nan takan faɗaɗa, marfin ya fashe ya ja gefe nan take. Ni kuwa na hura a kan mai duhun. Kakin ya narke ya yi sheƙi, na ɗauka ya buɗe, ashe ya sake daskarewa ya toshe ramukan. Sai da injin tatsar zuma ya gama juyi na ɗaga firam ɗin na ji nauyinsa bai ragu ba. Tun daga ranar ba na kai na'urar kan marfi mai duhu, kuma ko a kan farin ba na barin hannuna ya tsaya, balle idan firam ɗin na roba ne. A kuma sani cewa da wannan hanya ba a samun kakin marfi, wanda shi ne mafi tsabta a cikin amya.

Wuraren da suka lotsa wuƙa ba ta kai ba, a kankare su da cokali mai yatsu na buɗe saƙa. A juya ɗaya gefen a maimaita, a jera firam masu nauyi ɗaya suna fuskantar juna a cikin injin, a fara juyi a hankali. Marfin da ke baho a zuba shi a rariya ya kwana yana tsiyaya, a rufe da kyalle mai tsabta.