Yadda na hana PuTTY yanke mini haɗi da sabar

Daga Gusau nake shiga sabar ofishinmu, wato kwamfutar da ke gudanar da ayyukanmu, da PuTTY, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, ta amintacciyar hanyar haɗi ta SSH a tasha ta 22. Abin da ya addabe ni shi ne, da na tashi sallah ko na tsaya amsa waya, sai in dawo in tarar allo ya daskare, ga saƙon "Software caused connection abort". Aikin da na bari yana gudana ya bi ruwa.

Ashe sabar lafiyarta ƙalau. Na'urar rarraba intanet ce ke rufe duk haɗin da ya daɗe shiru.

A tagar saitin PuTTY, a jerin da ke hagu na shiga Connection, na tarar akwatin "Seconds between keepalives" yana kan 0, wato a kashe yake. Na mayar da shi 30, don PuTTY ya riƙa aika ɗan saƙo duk daƙiƙa 30. Daga nan na koma Session, na zaɓi sunan sabar, na danna Save. Kada ka tsallake wannan, in ba haka ba da ka rufe manhajar saitin ya tafi.

Amma fa idan sabis ɗin ne ya ɗauke gaba ɗaya, wannan ba ya magani. Shi ya sa dogon aiki a cikin tmux nake kunna shi yanzu, wato manhajar da ke barin aiki ya ci gaba a kan sabar ko da haɗi ya yanke.