Yadda Ake Bin Sawun Ma'anar Kalma

Zaɓi kalma ɗaya tak wadda ake furtawa kullum, kamar jirgi ko waya. Kada ka fara da ƙamus. Fara tara jimloli ashirin zuwa talatin daga bakin tsofaffi da matasa da 'yan kasuwa da rediyo, kowace ka rubuta garin da aka faɗe ta da kimanin shekarun mai maganar. Kalmomin da ke gefenta a jimla su ke tona ma'anarta.

Sannan ka koma baya. Duba ƙamusun Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, ka gwada da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. In ka sami tsoffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, ka riƙe su da kyau, domin jarida kan riga ƙamus kama sabuwar magana.

Abin da za ka fi sa wa ido shi ne 'yar rakiyar kalma, wato kalmar da ake haɗa mata don fayyace ma'anarta. A da in an ce jirgi, na ruwa ake nufi. Da layin dogo ya iso Kano a 1911 aka ce jirgin ƙasa, a 1925 kuma na sama ya sauka. Yau in aka ce jirgin alhazai ya tashi, babu mai tambayar wane iri, na asalin ne ma sai an ce jirgin ruwa. Duk lokacin da sabuwar ma'ana ta daina neman rakiya, tsohuwar ta fara nema, to sauyin ya zauna. Haka waya ta taso daga zaren ƙarfe zuwa tarho, har zuwa ta aljihu.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne kamannin sauti. Da yawa sun ɗauka boko daga kalmar Turanci ta littafi ta fito, alhali biri-boko da amaryar boko sun nuna tsohuwar ma'anarta ta abin da ba na gaske ba. Ka kuma furta kalmar da bakinka, tunda rubutu ba ya bambanta garin tuwo da garin Kano.

Kada ka yanke hukunci da maganar gari ɗaya. Ma'anar da ta ɓace a wani gari tana iya rayuwa a wani. A kasuwar Maraɗi dala tana nan da ranta, sefa 5 ce, dala ashirin kuwa sefa 100.